Takun Gwamma

Da sunan Allah nake farawa, shi ya san abin da na gani da abin da na zaci na gani. Rabi, ke nake rubuta wa wannan babi. A gaban mutane ba na kiran sunanki, 'yar fari ce ke, amma takarda ba ta sa ni kunya. Na san tsofaffi ke irin wannan rubutu bayan sun ga jikoki, ni kuwa ko ashirin da uku ban cika ba. Sai dai na ga yadda ake tashin gari guda tsakanin hantsi da azahar, don haka ban yarda in jira furfura ba. Za ki girma a nan Isa ki ji ana cewa uwarki ta gamu da iska a daji, shi ya sa take tafiya kamar kazar da aka ɗaure. Za ki kuma ji kakanki yana ba da labarin rijiyar da ta cece mu. Ba ƙarya yake yi ba, tsallake wani wuri yake yi. Wurin da yake tsallakewa shi za ni rubuta miki.

A gidanmu na ƙauye, arewa da Gatawa, akwai wata igiya da Baba ke ajiyewa cikin gafaka tare da littattafansa. Ta zaren auduga ce, murzar hannu, ta yi baƙi don tsufa, kaurinta bai kai ɗan yatsa ba. Tana da ƙulli uku, na tsakiya an naɗe shi da jan zare. A gindinta, kafin ƙullin farko, akwai wasu zagaye biyu da muke kira kunnuwa, tsakaninsu bai cika kamu ɗaya ba. Maza sun ce na ratayewa ne. Igiyar ta Gwamma ce, kakar kakannin Baba. Abin da ake faɗi a zaure shi ne, bayan birnin Alƙalawa ya faɗi a zamanin jihadi, Gobirawa suka watse, aka yi shekaru ana kai hari ana ramawa tun kafin a gina Sabon Birni, Gwamma ce ta ja mutanenta ta ƙoramar bayan garinmu ta kai su wata ɓoyayyiyar rijiya, daga nan suka yi arewa. Ta murza igiyar don na baya su gane hanya. Ƙullin farko shi ne kuka mai kogo da ke bayan gari. Jan ƙulli shi ne rijiya. Na ƙarshe wani tudu ne da ake hango hanyar arewa daga kansa. Faɗin yatsa ɗaya a jikin igiya, taku ɗari ne a ƙasa. Daga kuka zuwa jan ƙulli yatsa hamsin ne, wato taku dubu biyar cikin ƙorama. A bakin maza, Gwamma doguwa ce, 'yar gidan sarauta, tana tafe bayi na riƙe mata kaya. Kakan Baba ya nemi rijiyar, mahaifinsa ya nema, shi ma ya nema da ƙuruciya. Duk sun ƙirga dubu biyar sun tsaya wuri guda, gindin wani tsohon marke, sun tona har sun gaji. Ko laima ba su taɓa samu ba.

Baba malamin allo ne. Littattafansa na waɗanda suka ci birnin ne, zanen fuskarsa kuma na waɗanda aka ci, bai kuwa taɓa ganin wani abin magana a nan ba. Uwata ta rasu ina ƙarama, Kaka ce ta rene ni, mahaifiyarsa. Ita ta matsa har aka kai ni sakandare a Sabon Birni. Ina aji biyar malamin labarin ƙasa ya shimfiɗa mana taswira a tebur, ya ce santimita ɗaya a nan tana tsaye ne a madadin rabin kilomita a ƙasa. Sai ya sa yatsa a kusurwar ƙasa, kan wani ɗan layi mai gaɓa-gaɓa, ya ce duk taswirar kirki tana ɗauke da ma'auninta a jikinta, domin wanda ya zana ta ba zai bi ki daji ya yi miki bayani ba. Da na zo hutu na sami Baba a tsakar gida yana duba la'asar yadda ya saba. Yakan tsaya cikin rana ya ga inda inuwar kansa ta ƙare, sannan ya auna ta da tafin ƙafarsa, diddige na bin yatsa. Ya koya mini tun ina ƙarama cewa tsayin kowane mutum ƙafa bakwai ne da ƙafarsa, in inuwa ta ƙaru da bakwai a kan abin da ta rage da tsakar rana, la'asar ta yi.

Na ce, "Baba, dogo da gajere duk lokaci ɗaya suke samu?"

Ya ce, "Ɗaya. Kowa da ƙafarshi yake auna inuwarshi."

"To igiyar Gwamma fa? Taku ɗari na wa?"

Ya dube ni ya yi dariya. "Taku ai taku ne, Dije. Bokon naku har ya kai ga auna matattu?"

Kaka tana bakin murhu tana dama kunu. Ba ta ɗago ba ta ce, "Bar ta, Malam. Ni dai na san ludayin da anka auna gari, da shi aka auna ruwa. In kin canza ludayi, sai ki sha tsululu."

Baba ya shige zaure. Na matsa kusa da ita na ce ta gaya mini abin da take nufi. Ta ce kunu take nufi, in miƙo mata kanwa in daina cika ta da surutu, 'yar boko mai kan rula. Amma na ga hannunta ya sauka ya shafa idon sawunta, sau ɗaya, kamar mai korar ƙuda. Ban manta ba, ban kuma gane ba.

Bayan na gama makaranta aka yi mini aure a Isa, da cikinki ya tsufa na koma gida haihuwa. Kwananki ashirin da uku a duniya, cikin bazara, ina tsakiyar wankan jego, mutanen daji suka shigo. Da hantsi ne. Na fara jin babura kamar ƙudan zuma daga gabas, sannan harbi. Ba za ni rubuta abin da ya faru a gari ba, wasu sun fi ni ganin sa. Mu dai ta bayan gida muka fita, ta wajen kuka mai kogo, muka faɗa ƙorama. Mu goma sha huɗu ne ban da ke, mata da yara, sai Baba kaɗai namiji babba. Abin da ya ɗauko gafaka ce. Abin da Kaka ta ɗauko buta ɗaya da ƙwarya. Hanyar mota tana hannunsu, rijiyar gari da fanfon bakin kasuwa suna hannunsu, sun kuma san duk inda mai gudu zai nemi ruwa. Baba ya tsaya gindin kuka, ya ce wurin da ba su sani ba ɗaya ne, rijiyar Gwamma. Ya fiddo carbi ya shiga gaba yana ƙirga taku, muna bin sa cikin yashi.

Mun isa marken da rana tsaka. Ga ramukan kakanninmu nan, sun cike da yashi sun bar alamar kwari. Baba ya tuɓe riga ya shiga tono da tsinken itace da ƙwarya, matan suka taya shi. Ya ce wataƙila na da ba su yi zurfi ba. Har rana ta faɗi yashi fari ne, busasshe, yana zubowa cikin ramin kamar gari. Butar ta ƙare tun la'asar. Muka kwana a nan.

Da gari ya waye nonona ya ɗauke. Mai jego da aka saba ɗura wa kunun kanwa da ruwan zafi safe da yamma, ga shi na yi yini da kwana da kurɓi biyu. Kika kama, kika saki, kika kama, kika saki. Da farko kina kuka. Wajen hantsi kika daina, wannan shi ya fi tsorata ni. Na taɓa maɗigarki na ji ta faɗa ciki. Dajin ya yi tsit, ko kurciya babu, sai can nesa wajen gari wani babur ya tashi ya mutu. Baba yana cikin rami har ƙirji, yana tono yana karatu, muryarsa ta dushe. Kaka ta daɗe tana kallon ki. Sai ta miƙa hannu.

"Malam, ba ni igiyag ga."

Ya ce, "Inna, ki bari in ƙara kamu ɗaya."

"Ubanka ya ƙara kamu ɗaya, kakanka ya ƙara. Ba ni."

Ya fito ya ba ta. Ta zauna a yashi ta kira ni, ta ce in miƙe ƙafafuna. Ta kama kunne ɗaya ta zura mini a ƙafar dama, ta kama ɗayan ta zura a hagu. Suka zauna a idon sawuna daidai, kamar don ni aka yi su. Ta ce in tashi in taka. Na ɗaga ƙafa, igiya ta riƙe ni tun ban kai rabin takuna ba, saura kaɗan in kifa. Ɗan layin nan na kusurwar taswira ne ya faɗo mini. Ma'aunin yana jikin igiyar tun fil azal, muna ce masa abin ratayewa.

Kaka ta ce, "Ga takunta nan. Da mari ta tafi."

Mari, Rabi, shi ne ƙarfen da ake sa wa bawa a ƙafa, zobe biyu da sarƙa a tsakani. Matan unguwarmu suka sunkuyar da kai, wata ta ja ɗanta jikinta.

Baba ya ce, a hankali, "Inna, gaban mutane?"

"Gaban mutane. Kama ta anka yi, Malam, a wani hari. Sansanin maharan gindin kukag ga yake. Wata bakwai tana daka musu hatsi da ƙarfe a ƙafa, ta sulale da tsakar rana suna barci. Ba bawa ko ɗaya da ya riƙe mata kaya, ita ce baiwar. Uwar mijina ta gaya mini ranar da ta ba ni tukunyarta, ita ma haka anka gaya mata. Anka ce kada maza su ji, ba su iya ɗauka."

Baba ya ce, "Gidanmu ba a taɓa sa wa kowa ƙarfe ba."

"To ci gaba da tono."

Na tsaya da igiya a ƙafa, kaina yana juyawa, amma lissafin ya zo mini sarai kamar an rubuta a allo. Sawun Baba na jiya yana nan a yashi, manya-manya, ba iskar da ta share shi. Na je na tsaya kan ɗaya na bi su da ɗaurarrun ƙafafuna ina ƙirgawa. Takunsa goma ya ci nawa ashirin da biyar. Na sake, haka. Na sake a wani wuri, ashirin da biyar da ɗan kai. Wato duk biyu nasa, biyar nata. Na tsuguna na rubuta a yashi da yatsa. In ita ta yi dubu biyar, a ƙafar Baba dubu biyu ke nan. Mun wuce rijiyar da takunsa dubu uku. A takunta, dubu bakwai da ɗari biyar. Kuma baya za mu koma, wajen gari, wajen baburan.

Wata maƙwabciyarmu, Ta Annabi, ta ce, "Dije, kina cikin hankalinki? Jiya munka gudo, yau ki ce mu koma musu da ƙafarmu saboda zanen yashi?"

Na ce, "Ba har gari ba. Tsakani ne."

"In babu fa?"

In babu, na kai ki kusa da bindiga a banza, na kuma ƙone ɗan sauran ƙarfin da ya rage mana. In mun zauna kuwa, na san ba za ki kai gobe ba. Na dubi Baba. Yana kallon rubutuna a yashi, na ga leɓensa na motsi, yana bin lissafin. Mutum ne da ke raba gado, ya san bai ɓaci ba.

Na ce, "Baba, kai ka ce kowa da ƙafarshi yake auna inuwarshi. Wannan inuwarta ce."

Na juya na fara tafiya. Da ƙafata a sake ba zan iya ƙirga komai ba, jiri ke ɗibata, wani takun dogo wani gajere. Igiya kuwa ba ta gajiya, kullum wuri ɗaya take tsayar da ni. Don haka na bar ta a ƙafa, na naɗe sauran a hannu. Kaka ta tsinci tsakuwa saba'in da biyar ta ƙulle a bakin zane, duk ɗari ta yar da ɗaya. Ta Annabi da sauran suka ce za su jira a inuwar marke. Ban yi taku hamsin ba na ji an zare ki daga bayana. Baba ne. Bai taɓa ɗaukar jariri a gaban mutane ba. Ya sa ki cikin babbar rigarsa ya rufe, ya biyo mu.

Ban san yadda za ni kwatanta miki wannan tafiya ba. Ƙoramar tana da gaɓa mai tsayi hagu da dama, sarƙaƙiya ta rufe samanta, ba ka ganin komai sai farin yashi a gaba da sawunmu na jiya yana tahowa yana wuce mu. Rana ta hau har inuwata ta shige ƙarƙashina. Ina ja, ina tsayawa, ina ja. Igiyar ta fara cin fata tun a ɗari biyar, kafin dubu biyu jini na bin diddigena. Abin da ya fi ciwon shi ne jinkirin. Jikina duk yana son gudu, 'yata na mutuwa a bayana, amma ba ni da ikon wuce abin da igiya ta ba ni. Sai na tuna Gwamma ma haka ta bi ƙoramar nan, da masu doki a bayanta, tana jin ko sun farka, tana taka ɗan wannan taku. Kuma cikin wannan hali ta ƙirga. Ba ta ɓata ko ɗari ɗaya ba, don tana tunanin wata za ta biyo ta.

Wajen dubu huɗu na fara jin ƙarar. Ƙaramar ƙara ce, ta ƙarfe na taɓa ƙarfe, kacau, kacau, tana zuwa daidai da ɗaga ƙafata. Na ce a raina carbin Baba ne. Na tsaya, ta tsaya. Na taka, ta taka. Amma ba daga baya take zuwa ba, daga gaba ne, kamar wata na tahowa ta nufo mu, mu muna komawa inda ta fito. Na waiga. Hannuwan Baba biyu suna rungume da ke, carbinsa kuwa na itace ne, yana wuyansa.

Na ce, "Kaka, kina ji?"

Ta yar da tsakuwa ta ce, "Arba'in da ɗaya. Ƙirga abinki."

"Amma kina ji?"

"Na ce ki ƙirga, ƙawata. Ba da ke take ba."

Sau biyu muka kwanta a gindin gaɓa don babura sun wuce ta sama, kusa har muna jin warin mai da muryoyinsu suna dariya. Baba ya toshe miki baki da yatsa, ko da yake ba ki da ƙarfin kuka. Ni kuwa ina kwance ina maimaita lambar da na tsaya a kai, don in ta ɓace mini, komai ya ɓace.

Tsakuwar ƙarshe ta faɗi bayan azahar. Na tsaya. Babu komai. Yashi ne da gaɓa da ƙaya, irin wanda muka wuce tun safe. Ƙarar ma ta ɗauke, shirun ya fi ta muni. Na zauna a yashi. Baba ya dube ni, ba da fushi ba, da wani irin tausayi da har yau ba na son tunawa. Sai na tuna ɗan kan nan da ya ƙaru a awo na uku. Ɗan kuskure a taku goma, in an ninka shi sau ɗari uku, ya zama tafiya. Na ce mu duba gaba da baya, kowa ya kama gaɓa ɗaya. Kaka ce ta gani, kamar taku sittin a gaba ta hannun hagu: wani kututturen ɓaure da ya mutu ya sake tohowa, ganyensa kore shar a cikin wannan bazara, sarƙaƙiya ta lulluɓe shi. Wurin da matan garinmu ba sa yin itace ne, tun muna yara ake ce mana akwai masu shi. Muka kutsa. A ƙarƙashin saiwar akwai wani faffaɗan dutse kamar na niƙa.

Baba ya miƙa ki ga Kaka, ya sa kafaɗa ya ture dutsen. Ƙarƙashinsa da'ira ce ta duwatsu da aka jera da hannu, yashi ya cika ta. Ya fara yashewa da ƙwarya. Bai kai kamu ɗaya ba ƙwaryar ta bugi wani abu, ya sa hannu ya jawo. Zobe biyu ne na ƙarfe, tsatsa ta cinye su, da gajeriyar sarƙa. Ɗaya zoben a buɗe yake, an dake shi da dutse har ya karye. Ya riƙe shi a tafin hannu. Ni ina zaune ƙafafuna a miƙe, igiya na tsakaninsu. Ban ce ya gwada ba. Shi da kansa ya sunkuya ya shimfiɗa sarƙar kusa da igiyar. Tsawonsu ɗaya.

Ya ce, "Inna lillahi." Bai ƙarasa ba.

Kaka ta ce, "Tona, Malam. Ɗiyag ga ba ta jiran ka gama."

Kamu biyu a ƙasa yashi ya yi duhu, sannan ya yi sanyi, sannan ruwa ya fara tsattsafowa yana taruwa a gindin ramin, ja-ja, yana warin ƙarfe. Kaka ta tace da bakin mayafi ta ɗura mini ƙwarya uku, ta jiƙa tsumma tana ɗiga miki a leɓe. Kafin la'asar na ji ƙirjina ya yi nauyi. Kika kama, kika riƙe. Na ji kina haɗiya. Baba ya cika buta ya koma da gudu ya taho da su Ta Annabi, duka goma sha ɗaya, ba wanda ya rasu. Da Ta Annabi ta sha ta ƙoshi, ta dube ni ta ce ashe zanen yashi ma yana da rana, amma ta ja jiki ba ta zauna kusa da ni ba. Kafin su iso Baba ya riga ya mai da marin ƙarƙashin saiwa ya rufe da ƙasa.

Washegari muka bi sauran igiyar. Daga jan ƙulli zuwa na ƙarshe yatsa ashirin ne, taku dubu biyu. Na zare kunnuwan, amma na lissafa cewa a ƙafar Baba ɗari takwas ne. Muka yi ɗari takwas, ba tudu. Muka yi dubu, ba tudu. Na fara tsorata ko lissafina ya watse. Baba yana gaba yana jan carbi. Sai da ya ƙirga dubu biyu da ɗari uku da wani abu muka hau tudun, ga hanya can ƙasa, ga wata motar itace tana tafe. Ya tsaya yana haki, ya dubi igiyar a hannuna, ya dubi inda muka fito.

Ya ce, "Nan takunta ya fi nawa."

Kaka ta ce, "Gudu take."

Wannan ne kaɗai abin da na taɓa ji Baba ya faɗa a kan maganar tun daga ranar. Da muka sauka Isa, gidan mahaifinki, ya kira ni gefe ya ce abin da na gani a ƙarƙashin ɓaure in bar shi can. Yanzu in ana zaune yakan ce Allah ne ya nuna mana rijiyar kakarmu bayan an yi shekaru ana nema, kuma gaskiya ne. Gwammarsa har yau doguwa ce mai bayi. Matan da suka ji Kaka da kunnensu sun yi shiru don girmansa, sai suka sami abin faɗi a kaina. Kaka ta rasu da damina ta biyu. Tun daga ranar ɓauren ba ta sake jin Baba ya zauna hira a ɗakinta ba, gaisuwa ce daga bakin ƙofa, ta kuwa san farashin tun kafin ta buɗe baki. Kwana uku kafin ta cika ta sa aka ɗauko gafaka, ta cire igiyar a gabansa ta ba ni. Bai hana ba.

Ni kuma ga yadda na zama. Ciwon ƙafar ya warke, ya bar zobe biyu farare a idon sawuna. An kai ni asibiti, sun ce ƙashi lafiya, jijiya lafiya. An yi mini rubutu na sha. Amma in na ɗaga ƙafa, wani abu yana tsayar da ita a inda igiyar ke tsayar da ita, ko ina sauri ko ba na yi. Da tsakar rana, in gida ya yi shiru inuwa ta shige ƙarƙashin mutum, wani lokaci nakan ji ƙarar daga bakin zaure. Ba na cewa ita ce. Na yi makaranta, na san abin da tsoro da ƙishirwa ke yi wa kai. Abin da na sani tabbas shi ne biyu nasa biyar nata, da ruwan da ya fito, da ke.

In igiyar ta zo hannunki, ki sani ma'auni biyu gare ta. Daga kuka zuwa jan ƙulli, da kunnuwan ake aunawa. Daga jan ƙulli zuwa ƙarshe, a cire su. Kada ki ɓoye wa 'ya'yanki maza, ɓoyon nan ya kusa kashe ki. Allah ya jiƙan Kaka, ya jiƙan wadda ta ƙirga mana hanya, ya sa kada ki taɓa bukatar bin ta.

Ɗazu da nake wannan rubutu kika taso daga ƙofar ɗaki a guje kika nufi randa. Ban yi niyya ba, bakina ne ya ƙirga da kansa, ya zame mini jiki. Taku goma sha ɗaya kika yi, ke da ko yaye ba ki daɗe da yi ba. Na ajiye biro na tashi in ɗebo miki ruwan. Ni sai da na yi goma sha tara.